Cikin Toka Kowa Taubashi Ne

Dakoro, 8 ga Nuwamba 1964

Zuwa ga yayata Balkisu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da yara da duk mutanen gida. Mu nan lafiya lau, an gama girbi, gero ya yi kyau bana.

Shofer Mohamed, direban nan, ya kawo mini saƙonki, wai da gaske ne yaron da kika ba ni don karatu na mayar da shi ɗan wasa? Ba ke kaɗai ke da wannan tunanin ba, Yaya. Mutane da yawa suna ɗauka cewa duk yaron da aka gani a filin wasa ya bar karatu ke nan, kamar wasa da tarbiyya ba su zama inuwa ɗaya. Diraktan lakwal ɗinmu, wato shugaban makarantarmu, ma haka ya ɗauka da farko. Bari in bayyana miki abin.

Sunan wasan baskat, wato ƙwallon kwando. Yara biyar suke fuskantar yara biyar. Akwai zoben ƙarfe a bisa dogon itace a kowane gefe, kowa yana neman jefa ƙwallo cikin zoben abokan karawarsa. Ba a gudu da ƙwallo a hannu, sai dai ka riƙa buga shi a ƙasa yana dawo maka, ko ka miƙa wa ɗan'uwanka. Yaron da ya ce shi kaɗai zai ci, nan da nan sai ya tarar da kansa a kewaye. A nan ne yake koyon haƙuri da duba na kusa da shi, abin da nake wahalar koya musu da alli.

Filin ma mun sha aiki kafin a same shi. Kin san yashin Dakoro, ƙwallo in ya faɗi sai ya kwanta. Muka ɗauko marmara a kan jakuna, matan unguwa suka zo suka yi mana daɓe kwana biyu suna waƙa suna yi mini dariya, wai sun taɓa daɓe ɗakin amarya amma ba su taɓa daɓe ɗaki marar rufi ba. Maƙeri ya lanƙwasa mana zobba. Fenti babu, don haka kullum da yamma da toka muke ja layin filin.

Yarana goma sha ɗaya ne. Akwai Agali daga Azagor, dogo kamar giginya. Akwai Jimrau, ɗan Fulanin wajen Tagriss, ba ya gajiya da gudu. Akwai Mutari na ƙauyen Mai Yara, shi ne ƙaraminsu, shi ne kuma na ɗaya a aji. Amma abin da zai faranta miki rai shi ne ɗanki Mijinyawa ya fi su duka. Tun da muka fara, wata guda ke nan, babu wanda ya taɓa karɓe ƙwallo daga hannunsa. Su kuwa yaran ladabi gare su, Yaya suke ce masa, shi suka zaɓa kapitan. A aji ma makinsa ya hau. Ina sa rai ƙwarai zai samu satifika, takardar gama lakwal, a watan Yuni.

Ranar 18 ga Disamba, ranar bikin Jamhuriya, za mu zo Maradi mu kara da wata lakwal ta can. Ki zo ki gani da idonki.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanenki,
Isufu


Maradi, 20 ga Disamba 1964

Zuwa ga Isufu,

Ina gaishe ka. Malam Na'Allah na ƙofar gidan waya ke rubuta mini wannan, na ce mishi ya sa kamar yadda na faɗa, kada ya gyara mini magana.

Ka ce in zo in gani, na zo na gani. Na bar man gyaɗa bisa wuta, na ɗaura zanen Sallah, na ja maƙwabta biyu don su taya ni kallon ɗanka. Ka gudu da yaranka cikin kamyo, babbar motar nan, ba ka tsaya mun yi magana ba, to ga maganar.

Wani ɗan tsurut, wanda bai kai kafaɗarshi ba, shi ya riƙa ƙwace ƙwallon nan daga hannunshi kamar ana karɓe ƙashi hannun jariri. Na ƙirga da yatsu har yatsu suka ƙare. Ƴan kallo suka fara yi mishi waƙa. Kai kana bakin fili kana ta ɗaga hannu kamar mai korar tsuntsu. Daga nan yaron nan ya ɗauki ƙwallon ya cilla shi bayan katanga, ya fice daga fili, gaban manyan gari da kowa. Maƙwabtan da na kawo, ɗaya ta ce wai ciwon kai ya kama ta.

Ni ban san baskat ba, amma na san kunya. Lakwal biyu na fidda shi a nan Maradi don mushe-mushen can, malaman lakwal, suna tozarta shi gaban yara. Na ce kai kawunshi ne, ba za ka bari ba. Ashe kai a bainar jama'a za ka yi.

Na yi magana da Shofer Mohamed, yana neman yaron mota. Ka haɗa mishi kayanshi. Satifika ba ita ce Aljanna ba, ubanshi Allah ya ji ƙanshi bai da ita, ya ciyar da mu har ya koma.

Ka gaida matarka, ita ba ruwanta.

Yayarka,
Balkisu


Dakoro, 3 ga Janairu 1965

Yaya,

Bayan gaisuwa da ban girma. Wasiƙarki ta iso, kuma duk abin da kika ce kin gani haka ya faru. An ci mu 38 da 9. Ban tsaya ba don ban san abin da zan ce miki ba. Yanzu na sani. Laifin nawa ne, ba na Mijinyawa ba.

Da muka dawo na kira Mutari gefe, na ce, “Me ya sa ba ka taɓa karɓe ƙwallo hannun Mijinyawa ba?”

Ya ce, “Mushe, ai yaya ne. Ya girme ni da shekara huɗu. Kuma gidanka yake kwana.”

Na ce, “To, da ba yaya ba ne, za ka iya?”

Ya ce, “Yana buga ƙwallon nesa da jikinsa, Mushe. Ko akuya ta iya ɗauka.”

Wata biyu ke nan, in ya taho da ƙwallo sai su buɗe masa hanya, yadda aka koya musu a gida su kauce wa babba. Ni kuma ina tsaye ina murna da ladabinsu, ina rubuto miki yabo. Bai taɓa haɗuwa da wanda zai tare shi ba sai a Maradi.

Akwai abin da ya fi wannan muni. A ajina in an yi dikte, wato shifta, ko lissafi, yara kan yi musayar alluna, kowa ya gyara wa na kusa da shi. Na karɓi allon Mijinyawa da kaina ranar Litinin. Kuskure goma sha huɗu, wanda ya gyara masa ya sa uku. Makin da na ce miki ya hau, haka ya hau.

Na tara yaran na ce daga yau kowa ya tare shi, kowa ya gyara masa da gaskiya. Suka ce, “To, Mushe.” Kin san irin wannan “to” ɗin. Shi kuwa bai sake taka filin ba. Yana cin tuwonsa, ba ya ce mini komai sai gaisuwa.

Ina roƙonki ki bar mini shi zuwa Yuni. Shekarunsa goma sha shida, in bai zauna jarrabawar bana ba, ba za a karɓe shi baɗi ba. Mota tana nan ko yaushe, satifika kuwa sau ɗaya ta rage masa.

Ƙanenki mai neman afuwa,
Isufu


Maradi, 17 ga Janairu 1965

Isufu,

Ina gaishe ka. Na ji ka amsa laifi, ba abin da ya ƙaru da ni.

Yuni ta yi nisa. Yaron motar Mohamed zai tafi aure ƙarshen Fabrairu, ranar da ya sauka ɗanka zai hau. In na yi jinkiri wani ya ɗauke gurbin. Kana da kwana arba'in, ka yi abin da za ka yi da su.

Kamar ban da isasshen ɓacin rai, sai ga taubashinmu Ɗangoggo ya faɗo mini gida jiya, da tsufanshi da gemunshi. Ko sallama bai gama ba ya sa hannu cikin kwanona ya ɗauke tsokar da na ajiye gefe. Na ce, “Ɓarawon banza, bawan gidanmu.” Ya ce, “Baiwa ba ta cin tsoka gaban ubangijinta.” Daga nan ya zauna ya ce wai ya ji labarin wasan, wai ɗan nawa ƙwai ne, ni ce kazar da ta ƙi tashi a kai. Da wani ne ya faɗa mini haka da na watsa mishi ruwan zafi. To shi me zan yi mishi? Taubashi ne. Na bi shi da muciya, ya fita yana dariya, ya tafi da kallabina a aljihu.

Na ba Mohamed kwalbar mai da ƙuli-ƙuli ya kawo muku. Ka tabbata yaron nan yana ci.

Balkisu


Dakoro, 14 ga Fabrairu 1965

Yayata Balkisu,

Gaisuwa da fatan alheri. Mai da ƙuli-ƙuli sun iso, mun gode, Allah ya ƙara buɗi. In kin ga Ɗangoggo ki gaishe shi da kyau, ya yi mini aikin da bai sani ba.

Da na karanta labarin tsokar sai na yi ta tunani. Yaran nan sun san mutum ɗaya a duniya da ake ƙwace wa abu ba a yi laifi ba, ake faɗa wa gaskiya ba a yi rashin kunya ba. Da yamma bayan mun ja layi na tsayar da su, na ce, “Wa ke da taubashi?” Duka suka ɗaga hannu suna dariya. Jimrau ya ce nasa ya taɓa kore masa tumaki har wata rijiya. Na ce, “To, ku dubi tokar nan. A wajenta ni Mushe ne, babba babba ne. Duk wanda ya tsallako cikinta ya zama taubashin kowa, har ni. In an fita, magana ta ƙare a nan.”

Na shiga tsakiya ina buga ƙwallo. Babu wanda ya motsa. Na ce, “Ashe taubasaina duk tsofaffin mata ne.” Sai Agali, wanda ko idona bai taɓa kallo ba, ya taho a hankali kamar mai kama raƙumi. Bai taɓa ƙwallon ba, hulata ya fizge ya ruga. Kafin in juya Mutari ya ɗauke ƙwallon yana cewa, “Taubashi, hannunka ya mutu!” Dirakta ya leƙo ta taga ya ga mushensa ba hula yana bin yara da gudu. Sai da na yi masa dogon bayani washegari. Da muka tsallake layin, Agali ya durƙusa ya miƙo mini hular da hannu biyu.

Mijinyawa yana gindin aduwa yana kallo. Kwana huɗu yana zuwa gindin aduwar. Rana ta biyar Mutari ya tsaya daidai bakin tokar, ta ciki, ya ce, “Akwai wani taubashina da aka ce ƴan Maradi sun cinye. Ko ƙashinsa ya rage?” Na ga fuskar Mijinyawa, na ce yau akwai mari. Ya taso, ya tsaya a kan layin, sannan ya shigo. Sau goma sha tara aka karɓe masa ƙwallo ran nan. Sau biyu ya nufi waje, sau biyu ya dawo. Yanzu ana karɓe masa sau biyar ko shida, ya koyi sa jikinsa tsakanin ƙwallo da abokin karawa. Ba shi ne gwanin ba, Jimrau ya fi shi. Shi ma ya sani, yana miƙa masa.

Abin da ya fi muhimmanci ya faru ne makon jiya, ba ni na shirya shi ba. Na dawo sallar la'asar na tarar da shi a zaure da Mutari a kan tabarma, da alluna. Ya ɗebo toka daga murhun matata ya zagaye tabarmar da ita. Ina jin Mutari yana cewa, “Kai taubashi, bakwai sau takwas sittin? A wace kasuwa?” Shi kuma ya goge ya sake. Dikten ranar Juma'a ni na gyara da hannuna, kuskure takwas. Har yanzu da yawa, amma takwas ɗin na gaskiya ne, kuma akwai wata huɗu.

Yanzu, Yaya, za ki ga na zuba ƴar toka a cikin ambulan ɗin nan. Tun ina yaro ban taɓa musa miki ba, ke kika goya ni. Ki ɗauka wannan sakin layin a cikin toka yake.

Mushe-mushen da suka tozarta shi a Maradi, na tambaya. Ɗaya ya mayar da shi bencin baya don bai yi aiki ba, ɗaya ya karanta makinsa a gaban aji kamar na kowa. Duk lokacin da yaron nan ya faɗi, kafin ya gwada tashi kin riga kin ɗauke shi. Abin da yarana suka yi masa a fili, abin da na yi masa da yabo, ke kika fara yi masa, kuma duk cikinmu don ƙauna ne. In Mohamed ya zo ranar 28 ba zan haɗa masa kaya ba. In kina son ɗaukarsa ki zo da kanki, ki dube shi ki ce masa bai iya ba.

Na fita daga toka. Ki yafe mini, Allah ya bar zumunci.

Ƙanenki,
Isufu

Ga kuma nasa, ya ce in bar masa wuri a ƙasa:

Inna, ina gaishe ki. Ina cin abinci. Ƙwallon da na jefa bayan katanga ban kyauta ba. Ina son in zauna jarrabawa ko da zan faɗi. In na faɗi zan bi mota ba gardama. Ɗanki.


Maradi, 22 ga Fabrairu 1965

Isufu,

Ina gaishe ka, ko da yake ba ka cancanta ba.

Malam Na'Allah ya buɗe takardarka toka ta zubo mishi a farar riga. Ya yi tsalle yana salati, wai an aiko da sammu ta gidan waya. Sai da na rantse mishi ƙanena ba ya da wannan wayon. Ya karanta da ƙarfi kamar yadda ya saba, ga mutane a layi suna jira. Da ya iso wurin rashin kunyarka sai ya rage murya, wata tsohuwa a bayana ta ce, “Malam, ɗaga, ba mu ji.”

Na so in hau kamyo in zo in nuna maka wanda ya goya wani. Amma na sa an sake karanta mini layukan ƙasa har sau uku. Shekara goma sha shida ban taɓa jin yaron nan ya ce bai kyauta ba.

Na sallami Mohamed, ya ɗauki ɗan maƙwabta. Gurbin ya tafi, ka sani. In Yuni ta zo aka faɗi, kai da shi za ku nemi abin yi. Kada ka sake rubuto mini yabo, ka rubuto mini yawan kuskuren kawai, kowane mako.

Wani abu kuma. Shekaranjiya aka dawo mini da tulu biyu na mai daga kasuwa, wai ya yi ɗaci. Ashe gyaɗar ta ƙone tun wajen suya. Saratu da Halimatu, matan da ke taya ni aiki shekara shida, duk sun ji ƙaurin, ba wadda ta buɗe baki don ni ke riƙe da muciya. Na tambaye su dalili suka ce, “Ai ke ce babba.” Na rasa wanda zan zaga.

Ka ce wa yaron nan na ji.

Yayarka,
Balkisu


Dakoro, 1 ga Maris 1965

Yaya,

Gaisuwa da godiya. Na faɗa masa. Ya ɗauki allonsa ya tafi neman Mutari. Kuskuren wannan makon tara ne, ya ƙaru da ɗaya. Kin ce gaskiya kawai.

Game da Saratu da Halimatu, toka ba ta yi miki tsada ba, kin fi kowa ita a Maradi. Gobe kafin a ɗora kasko ki zagaye murhun da ita, ki faɗa musu ƙa'idar, ki fara shiga da kanki. Ranar farko ba za su ce komai ba. Ki tsokane su har ɗaya ta tanka, in ta tanka kuma kada ki ɗaga muciya. Ki gwada mako guda.

Ki ɗaure kallabinki da kyau.

Ƙanenki,
Isufu